Tsohon Fanel ɗin Rediyo: A Gane Shi Kafin a Feɗe Shi

A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Katako a Yamai, tsohon fanel ɗin rediyo ba shi da suna, nauyi kawai gare shi. Ɗan gwangwan ya ɗora shi a sikeli tare da matattun fankoki da cajojin waya, a biya kuɗin kilo, a watsa shi cikin tsibi. Akwatin da ya fito daga ciki ya daɗe da fashewa. Takardar da ake mannawa a murfin baya, mai ɗauke da lambar samfurin da zanen yadda wayoyin suka haɗu, ta tafi tare da murfin. Abin da ya rage allo ne ruwan ƙasa, da baƙar sanda a gefe guda, da wasu ƙananan gwangwanaye masu launi a ka, da ƙura.

Wanda ya tsinci irin wannan yana da tambaya biyu: na wace rediyo ne, kuma me za a mora a jikinsa? Galibi akan tsallake ta farko, a jona ƙarfen liƙi a wuta, a hau cire kaya. Nan ake asara. Kayan da suka fi daraja a jikin allon su ne waɗanda zafi ya fi saurin kashewa, kuma wanda bai san abin da ke hannunsa ba yakan ɓata yini yana tara abin da ake sayarwa da arha a Sabon Gari, ya ƙona abin da masana'anta ta daina yi tun kafin a haife shi.

Ba abin mamaki ba ne a ce irin waɗannan alluna sun yi yawa a ƙasar Hausa. An ƙirƙiro tiransisto a ɗakin bincike na Bell a Amurka a ƙarshen 1947. Rediyon tiransisto ta farko da aka kai kasuwa, Regency TR-1, ta fito a 1954 da tiransisto huɗu, kuɗinta dala 49.95. Kamfanin Japan da daga baya ya ɗauki sunan Sony ya fitar da TR-55 a 1955, sannan TR-63 a 1957, shekarar da BBC ta fara watsa shiri da Hausa. A 1962 gidan rediyon Kaduna ya buɗe. Kafin zuwan tiransisto rediyo mai ƙwan bawul ce, mai nauyi, mai son lantarki ko ƙaton batir. Da tiransisto ya zo, sai ga akwatin da batir biyu ko huɗu za su riƙe shi makonni, ya je gona, ya je ruga, ya rataya a ƙahon keke. National da Philips da Sony da Sanyo suka cika gidaje, sannan na Hong Kong da Taiwan da Sin suka biyo baya.

Gaskiyar da ya kamata a fara haɗiyewa ita ce, sau da yawa ba za a taɓa gano ainihin sunan rediyon ba. Masana'antun Japan da Hong Kong sun riƙa yin fanel iri ɗaya suna sayar wa 'yan kasuwa daban-daban, kowa ya sa nasa akwatin da nasa sunan. Sunayen da ke jikin kayan kuma suna yaudara. Ka ga Toko ko Mitsumi a kan gwangwani, ko Elna a kan kafasito, ko Alps a kan makunni, wannan sunan wanda ya ƙera ɓangaren ne, ba wanda ya haɗa rediyon ba. Amma ƙasar da aka yi shi, da zamaninsa, da aikin kowane abu a kansa, duk allon zai faɗa wa mai haƙurin dubawa. Kuma wannan ya isa a yanke shawara.

A fara da tabbatar da cewa rediyo ce ma, domin allon rakoda da na amfilifaya suna kama da ita ga baƙon ido. Shaida uku ne. Akwai baƙar sandar nan mai nannaɗe da siririyar waya, wadda ita ce eriyar ciki ta matsakaicin zango. Akwai abin neman tasha, wanda a manyan rediyoyi faranti ne na alminiyam masu shiga tsakanin juna idan an murɗa, a ƙanana kuwa ɗan akwatin roba ne mai haske, mai kusurwa huɗu, da ƙananan sukurori a bayansa. Sai gwangwanayen nan masu rami a sama, da wani abu mai launi a cikin ramin.

Kusan duk rediyon wancan zamani tsari ɗaya ta bi, wanda Edwin Armstrong ya fito da shi a 1918. Maimakon rediyo ta yi ta fama da kowace tasha a zangonta, sai ta ƙirƙiri nata kaɗawar a ciki, ta gauraya da na tashar, abin da ya fito ya zama lamba ɗaya a kullum, yawanci kilohaz 455. Idan tashar tana kan 1000, rediyon tana kaɗa 1455, bambancin 455 ne. Ka murɗa zuwa wata tashar, duka biyun su matsa tare, bambancin bai canja ba. Gwangwanayen an saita su ne su bar wannan lamba kaɗai ta wuce. A kayan Japan launukan suna da ma'ana: ja shi ne na kaɗawar cikin gida, rawaya matata ta farko, fari ta biyu, baƙi ta ƙarshe. Saboda haka mutum yana iya bin allon da yatsa daga sandar eriya, ya wuce ja, rawaya, fari, baƙi. Dab da baƙin zai tarar da ɗan dayod na gilashi, wanda ke tsamo murya daga cikin kaɗawar. Daga nan sai abin ƙara murya, sai ƙananan taransifoma biyu da tagwayen tiransisto a tsakaninsu, sai wayoyin lasifika. Shahararriyar rediyo mai tiransisto shida ke nan: ɗaya na gaurayawa, biyu na matatu, ɗaya na tura murya, biyu na fitar da ita.

Idan gwangwanayen sun wuce huɗu, ga wasu masu launin lemo ko kore ko shuɗi, ga kuma wasu 'yan nannaɗe-nannaɗen waya tsirara masu zagaye uku ko huɗu a kusa da abin neman tasha, to akwai FM a ciki, wadda matatarta ke aiki a megahaz 10.7. Idan kuwa akwai dogon makunni mai ƙafafu da yawa da jerin ƙananan kwail a gefensa, gajeren zango ne. Irin wannan ce aka fi saye a Arewa, don wanda ke son London da Kaduna da Muryar Amurka dole ya samu mita 49 da 31 da 25 da 19. Rediyon aljihu mai matsakaicin zango kaɗai ba ta cika burge mai sauraron labaran duniya ba.

Inda allon ya fi yin magana shi ne a jikin tiransistocin, kuma nan ya kamata a zauna da gilashin ƙara girma a cikin hasken rana. A goge ƙurar da ɗan auduga, kada a kankare, domin tawadar takan bi farce. Kowace nahiya da yadda take rubuta nata. Na Japan suna farawa da 2S, sai harafi. 2SA da 2SB jinsin PNP ne, na farko na ɓangaren kama tasha, na biyu na ɓangaren murya. 2SC da 2SD kuma NPN ne, bisa wannan rabon. Ka ga 2SA52 da 2SB56 a cikin ƙaramin ƙoƙon ƙarfe, na Toshiba ne. 2SA12 da 2SB75 na Hitachi. A na baya-bayan nan masu jikin baƙar roba sukan yar da 2S ɗin saboda ƙarancin wuri, sai a ga C945 kawai.

Turawan Turai nasu ya fi sauƙin karantawa. Harafin farko yana faɗin abin da aka yi shi da shi: A jamaniyam, B silikon. Na biyu yana faɗin aikinsa: C murya, F kama tasha, D murya mai ƙarfi. Don haka AC128 jamaniyam ne na murya, AF117 jamaniyam na kama tasha, BC108 silikon na murya. Waɗanda suka girme su suna farawa da OC, irin OC44 da OC45 da OC71 na Mullard da Philips, wasunsu kwalba ce siririya da aka shafe da baƙin fenti. Na Amurka 2N ne da lamba, kuma lambar ba ta faɗin komai sai an duba littafi. Na Sin na da can suna farawa da 3, kamar 3AX31 na jamaniyam da 3DG6 na silikon. Idan kuma haruffan sun zo da wata siffa da ba ta boko ba, kamar МП ko ГТ, ko aka ga wani ɗan falalen tiransisto ruwan lemo mai suna КТ315, kayan Tarayyar Sobiyet ne, irin wanda ke cikin rediyoyin VEF da aka ƙera a Riga.

Wannan bambanci na jamaniyam da silikon shi ne babban ma'aunin zamani. Daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa ƙarshen na 1960 jamaniyam ke mulki. Daga nan silikon ya karɓe, don ya fi arha, ya fi jure zafi. Idan rubutun ya goge, mita za ta raba gardama. A sa ta a ma'aunin dayod, a taɓa ƙafafun bibbiyu. Jamaniyam zai nuna tsakanin 0.2 da 0.3, silikon kuwa 0.6 zuwa 0.7. Akwai kuma tarkon da ya kashe rediyoyi da yawa a hannun masu koyon gyara. Allon da aka gina da jamaniyam na PNP yawanci kan batir mai alamar + ne ke haɗe da babban layin da ya zagaye allon, akasin abin da yaran yanzu suka saba gani. Wanda ya jona batir bisa sabo zai juya wutar. Kafin a ba shi wuta, a duba kafasito mafi girma a kan allon, a ga wace ƙafarsa ce ke kan wannan layi.

Shekarar ma wani lokaci tana nan a rubuce. A bayan lasifika, ko jikin abin ƙara murya, ko kan babban kafasito, akan sami lamba huɗu. 6823 na iya nufin mako na 23 na 1968. Ba kowane kamfani ya bi wannan ba. Wasu na Japan da shekarun sarautar Sarki Hirohito suke ƙirga, inda sai an ƙara 1925, wato 40 ta zama 1965. Kuma lambar ranar haihuwar ɓangaren ce, rediyon takan biyo baya da watanni. Idan aka ga ayisi mai ƙafafu jere biyu, kamar TA2003 ko CXA1191, an bar zamanin da ake magana a kai, an shigo shekarun 1980 zuwa sama. Idan babu gwangwani ko ɗaya, sai ɗan ƙwayar ayisi da aka manna a bayan allon, ta yanzu ce, ba abin da za a cira sai lasifika da eriya. Mai son ya bi diddigi har ƙarshe, jerin lambobin tiransistocin shi ne abin da zai nema da shi a kundin Radiomuseum da ke intanet, ko a tsofaffin takardun gyara na Sams Photofact.

Lambar da aka buga a gaban akwati kuwa, a ɗauke ta da taka-tsantsan. A shekarun 1960 masu saye sun ɗauka yawan tiransisto shi ne kyau, sai wasu masana'antu suka riƙa cusa matattu, ko su haɗa ƙafa biyu kawai, don su rubuta 10 ko 14 a fuska. Abin ya kai hukumar kula da ciniki ta Amurka ta kafa doka a kansa. Idan ka juya allon ka ga tiransisto da aka liƙe ƙafafunsa uku wuri guda, ado ne. Ha'inci a kasuwa ba yau aka fara ba.

Bayan an gane shi, sai tambayar da ta fi nauyi: a gyara ko a feɗe? Ra'ayina shi ne duk rediyon da ke da akwatinta, da fuskarta, da maɓallanta, ba ta cancanci wuƙa ba. Cututtukan da ke kwantar da su kaɗan ne, kuma masu sauƙi. Kafasitocin nan masu ruwa a ciki suna bushewa da shekaru, murya ta shaƙe ko rediyo ta riƙa kuka. A canja huɗu ko biyar ta farfaɗo. Batir da aka manta a ciki yakan zubar da ruwa ya cinye mariƙinsa. Na gargajiya irin Tiger Head ruwansa mai tsami ne, bekin soda ke kashe shi. Na alkalin kuwa farin garin da yake bari da ruwan lemun tsami ake wanke shi, sannan a goge da sifirit. Ramin abin sawa a kunne yana da ɗan harshe da ke yanke lasifika, idan ya yi tsatsa sai rediyo ta yi gum alhali lafiyarta ƙalau. Su AF117 suna da tasu lalurar: wasu siraran gashin kuza suna tsirowa a cikin ƙoƙon har su taɓa zuciyarsa. Masu gyara sukan yanke ƙafa ta huɗu, wadda ke haɗe da ƙoƙon, wani lokaci ya tashi. Allon da za a feɗe shi ne wanda ya tsage, ko ruwan batir ya ci layukansa, ko akwatinsa ya ɓace. Mahauci ma ba ya yanka saniyar da ke ba da nono.

Idan feɗewar ce, a ɗauki hotonsa gaba da baya tukuna. Sannan a fara da sandar eriya, domin ita ce mai saurin karyewa. Faɗuwa ɗaya a siminti ta rabu biyu. Wayarta ba ɗaya ba ce, zarurruka ne da yawa da aka murɗe wuri guda, kowanne da rufinsa. Kada a ja ta. A narka liƙin a ƙarshenta, a lura da launin kowane zare da inda ya fito, a bar kakin da ya riƙe naɗin yadda yake. Abin neman tasha ya biyo baya, kuma a ajiye su tare, domin an auna su ne su dace da juna da kuma jan gwangwanin. Na roba ba ya son zafi ko kaɗan, siraran ledojin da ke tsakanin farantansa suna narkewa. Na alminiyam kuwa a rufe farantan gaba ɗaya kafin a taɓa shi, don idan ɗaya ya lanƙwashe ya shafi ɗan'uwansa, sai ƙara.

Tiransistocin jamaniyam su ne masu son lallashi. Dalmar liƙi tana narkewa a wajen digiri 185, shi kuwa jamaniyam bai kai digiri 100 ba yake lalacewa. Dabarar ita ce a kama ƙafar da bakin filaya tsakanin allon da jikinsa, ƙarfen filayar ya sha zafin, a taɓa liƙin na daƙiƙa biyu ko uku, a zare, a bar shi ya huce kafin a koma ƙafa ta gaba. Sa'ar da aka yi ita ce masu haɗa rediyon da sukan bar ƙafafun da tsawo, har da 'yar rigar roba mai launi, don haka sau da yawa yankewa dab da allon ta fi narkawa. Tagwayen da ke fitar da murya a ɗaure su tare, domin tun a masana'anta aka zaɓo su masu ƙarfi ɗaya. Wajen gwaji kuma a tuna jamaniyam yana yoyon wuta, kuma yoyon yana ninkawa da ƙarin kusan digiri 10. Riƙe shi da yatsu kaɗai yana sa lambar mita ta fara tafiya. Wanda aka auna da sanyin Janairu ba zai ba da lamba ɗaya da wanda aka auna da azahar ɗin Afrilu a Sakkwato ba, sai a yi hattara kafin a yanke masa hukuncin mutuwa.

Dayod ɗin gilashi, ko 1N60 ne ko OA90 ko 1N34A, a cire shi da irin wannan kulawa. Ƙananan taransifoman murya da lasifika da abin ƙara murya mai makunni duk suna da amfani. Gwangwanayen suna da wuyar fita, ƙafa biyar da kunne biyu, sai da abin zuƙe dalma. Kuma don Allah a bar abin da ke cikin raminsu. Hannu yana ƙaiƙayin murɗa shi da sukudireba, shi kuwa ba sukuru ba ne, da an matsa ya tsage, saitin masana'anta ya tafi. Rasistoci da kafasitocin ruwa a bar su a wurin: na farko ƙimarsu ta gusa da tsufa, na biyu sun bushe, sababbinsu kuma ba su da tsada.

Akwai masu yawo suna neman tsofaffin rediyoyi da sunan wai akwai jan makuri a ciki mai kawo miliyoyi. Babu shi. Irin wannan jita-jita ce ta sa mutane suka yi ta rububin tsofaffin kekunan ɗinki na Singer a Saudiyya a 2009. Zinariya kuwa, ɗan abin da aka shafa a ƙafafun wasu tiransistoci bai kai kuɗin sinadarin da za a wanke shi da shi ba. Abin da tabbas yake cikin allon shi ne dalma, kusan kashi 40 cikin ɗari na liƙin. Ba a riƙe wayar liƙi da haƙori, ba a cin abinci a teburin aiki, kuma a wanke hannu da sabulu. Babbake allo a wuta don kayan su zubo, kamar yadda wasu yara ke yi a bayan kasuwa, yana kashe kayan, hayaƙin kuma guba ne. Yara sama da 400 da suka rasu a Zamfara a 2010 ta hanyar niƙan duwatsun zinariya dalmar ta shige su, ba ta rediyo ba, amma gubar ɗaya ce, kuma ƙananan yara ta fi kamawa.

To, a kai kayan ina? Mai gyaran da ke da tsohuwar National a kan tebur zai yi murna da jan gwangwani ko 2SB56, don ba zai same su sababbi ba. A Turai da Amurka masu kaɗa gita suna neman jamaniyam ido rufe, saboda na'urar Fuzz Face ta 1966, wadda Jimi Hendrix ya yi suna da ita, da irinsu aka fara gina ta, kuma suna son yadda yake dusashe sauti. Wannan ya sa jabu ya yawaita, ana goge lamba a buga wata, har wanda aka ciro daga tsohon allo ya fi samun yarda, musamman idan an rubuta inda ya fito a jikin ambulan ɗinsa.

Mafi kusa da mu kuwa shi ne ajin kimiyya. Da sandar eriya, da abin neman tasha, da dayod ɗin jamaniyam, da doguwar waya da aka rataya a bishiya, da wata da aka ɗaure a ƙarfen da aka kafa a ƙasa mai laima, ɗalibi zai haɗa rediyon da ba ta cin batir, ƙarfin tashar kansa ne ke motsa ta. Jamaniyam ne ya dace da wannan aiki saboda ƙaramar wuta tana buɗe shi, inda silikon zai yi shiru. Sharaɗi biyu ne: a samu tashar matsakaicin zango mai ƙarfi a kusa, abin da ke ƙara wuya yanzu da gidajen rediyo suka karkata zuwa FM, sannan abin sawa a kunnen ya zama irin na kiristal. Na wayar hannu ba zai yi ba, sai dai a sa taransifoman murya da aka ciro daga allon a tsakaninsu, ɓangaren mai yawan naɗi wajen dayod, mai ƙarancin naɗi wajen kunne.